Baƙin da Ke Shan Datar Kaka

Kakata ba ta jin magana sai ta ga bakin mai yin ta. Kunnenta na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma yana aiki ne ranar da ya ga dama. Idan mutum ya tsaya a gabanta ya yi magana a hankali, babu kalmar da za ta kuɓuce mata, har ta gyara masa wadda ya faɗa ba daidai ba. Amma in ya juya baya, ko ya ɗaga murya daga wani ɗaki, to da bango yake hira.

Shi ya sa kiran Kawu dole ya kasance na bidiyo.

Kawu shi ne autan Kaka, ƙanen Ummata. Yana aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa mai dakon kaya, kuma a tsakiyar teku babu sabis. Sai jirgin ya tsaya a wata tasha yake samun awa ɗaya ko biyu a kan tudu, wani lokaci bayan wata biyu, wani lokaci fiye. Kafin ya tafi ya saya wa Kaka waya mai faffaɗar fuska don ta riƙa ganin bakinsa da kyau. Ita kaɗai ce babbar waya a gidanmu. Ta Umma 'yar ƙarama ce mai madannai, ni kuwa ba ni da ko ɗaya.

Sau biyu a jere kiran yana lalacewa. A na farko fuskarsa ta fito, ya ce, "Inna," sai ya daskare da baki a buɗe, sannan ya ɓace. Ashe data ce ta ƙare ba wanda ya sani. A na biyu bai ma shigo ba. Da ya gaji da gwadawa sai ya kira ƙaramar wayar Umma, ita kuma ta durƙusa a gaban Kaka tana maimaita mata duk abin da ya faɗa.

Kaka ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wannan bakinki ne. Kullum ina ganinsa. Nasa nake nema."

Rabonta da hira da ɗanta ido da ido wata bakwai ke nan. Sai ga saƙo daga gare shi: jirginsu zai tsaya ranar ashirin da uku ga wata, zai kira tsakanin azahar da la'asar. Ranar ɗaya ga watan Umma ta saka wa wayar data giga biyu, ta ce shi ke nan sai wani watan, ko sama za ta faɗo. Ranar tara ga wata saƙon kamfani ya shigo, wai abin da ya rage bai kai giga ɗaya ba.

Umma ta dawo daga aiki ta tarar da saƙon. A sashen wanki na wani asibiti take aiki, kullum hannuwanta fari fat suna warin maganin wanki. Ta tsaya a ƙofar ɗakina da wayar a hannu, ko takalmi ba ta cire ba.

Ta ce, "Ɓera."

Haka ake kirana a gida, wai don ina shiga lungu da takarda ba a jin motsina.

"Ɓera, ki ji tsoron Allah. Littattafan nan da kike saukewa ne ko?"

Gaskiya na taɓa sauke littattafai guda biyu. Amma littafi ba ya cin komai, hoto ɗaya mai kyau ma ya fi shi nauyi. Na san wannan, na kuma shirya jimlar tsaf a cikin kaina. Amma ta ƙi fitowa, kamar yadda maganata ta saba yi min duk lokacin da aka zuba min ido.

Na ce wa yatsun ƙafata, "Ba ni ba ce."

"To wa? Kakarki da ko lambar kanta ba ta iya dannawa?" Ta ajiye wayar a kan littafin da nake karantawa. "Tunda ke ce mai karatu, nemo min ɓarawon. In kawunki ya kira a karo na uku bai same ta ba, ni ban san da wane ido zan kalle ta ba."

Washegari bayan an tashi daga makaranta na nufi wurin mai gyaran waya. Shagonta a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin kantin magani da mai buga takardu, kuma kowa Injiniya yake ce mata. Sau uku ina wuce shagon ina yi kamar wani abu nake nema a ƙasa.

A na huɗu ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "'Yar makaranta, ko ki shigo ko ki fara biyan hayar titin nan."

Na shiga. Wurin bai fi faɗin tabarma ba. Gawarwakin wayoyi ne cike da wani kwali, ga fitila mai lanƙwasasshen wuya, ga ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalba. Na miƙa mata wayar na ce data ce take ƙarewa.

"Me kika ce?"

"Data ce take ƙarewa."

"Yauwa, ashe akwai murya. Matso ki gani da idonki, don ba kullum zan kasance ba."

Ta shiga saiti, ta danna wurin da ke nuna yadda aka sha data, sai ga jerin manhajoji kowacce da lambarta a gefe.

Ta ce, "Ga ɓarayinki sun yi layi, babbansu a sama. Bari mu fara da ƙanana." Ta buɗe guruf ɗin danginmu. "Kin ga wannan? Duk hoton fure da wata gwaggonki ta turo da safe, duk bidiyon ɗan wani yana koyon tafiya, wayar nan sauke shi take da kanta ko an kalla ko ba a kalla ba. Mun hana ta. Daga yau sai wanda aka danna da yatsa."

Ta hana manhajoji sabunta kansu sai a kan waifai. Ta nuna min waɗanda ke shan data a ɓoye ko da waya tana aljihu, ta toshe musu baki ɗaya bayan ɗaya. Ta kunna abin tsimin data. A wurin kira ma ta kunna wani maɓalli da ta ce zai rage kyan hoto kaɗan amma ya tsawaita hira. Ni dai ina ta rubutawa a bayan littafin lissafina.

"Saura babban." Ta ƙwanƙwasa manhajar bidiyo da farce. "Wa ke kallo awa uku, awa huɗu, kullum da hantsi?"

"Ba ni ba ce. Ina makaranta."

"Kowa haka yake ce min. In goge ta?"

Na ce wayar ba tawa ba ce, ta kakata ce.

Ta ɗan dube ni, sannan ta ce, "To na hana bidiyo bin juna da kansu. In ɗaya ya ƙare, shiru za a ji sai an taɓa wani. Sauran aikin kuma ba na sukuddireba ba ne. Je ki gida ki buɗe ido."

Na koma gida da ƙarfin gwiwa. Kwana biyu ina duba lambar safe da yamma. Ta rage gudu, amma ba ta tsaya ba. Mega ɗari takwas da wani abu suka koma ɗari shida da casa'in, kuma babban ɓarawon yana nan a samansa.

A rana ta uku malamanmu suka shiga taro, aka sallame mu tun ƙarfe goma sha ɗaya. Tun daga bakin matakala na ji muryar namiji tana tashi daga gidanmu, da ƙarfi kamar mai talla. Na tura ƙofa a hankali.

Kaka tana zaune a kujerarta ta kusa da taga, ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, hannuwa a kan cinya. Ta jingina wayar da gwangwanin sukari. A ciki wani saurayi ne tsugune gefen mota yana bayanin yadda ake canza birki. Kaka tana gyaɗa kai.

Tana cewa, "To. To, madalla. Allah ya yi albarka."

Na zagaya na tsaya inda za ta gan ni. Ta ɗaga min hannu ɗaya.

"Tsaya ya gama."

Minti shida ya ƙara yana magana. Na tsaya da jaka a baya ina jin kowane minti kamar daga jikina ake yankarsa. Da ya gama, sai ƙananan hotuna suka fito a jere: wata mata da tukunya, wani dattijo da allo, wani mai sayar da injin markaɗe. Kaka ta miƙa yatsa.

Na riƙe hannunta. Ban taɓa yin haka ba.

"Kaka, me kike yi?"

"Ba ki ga sun yi layi ba? Da da kansu suke shigowa. Shekaranjiya kuma suka koyi kunya, sai na ce musu bismillah."

Ashe wata shida da suka wuce wani ɗan'uwanmu ya turo bidiyon jirgin ruwa a guruf. Ta danna ko za ta hango Kawu. Ba ta gan shi ba, amma da jirgin ya wuce sai wani mutum ya fito ya fara magana, bayansa wata, bayanta wani. Tun daga ranar, da mun fita take karɓar baƙi.

Na ce, "Kaka, ba sa ganinki fa."

"Ɗago kanki, ban ji ba."

Na ɗago. "Ba sa ganinki."

"Na sani. Kin ɗauka jiya aka haife ni? Amma ni ina ganinsu. Yaron nan ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, ya zo yana bayani da zuciya ɗaya. Sai in sa yatsa in share masa fuska yana tsakiyar magana? Ba a yi min wannan tarbiyyar ba."

"Amma me za ki yi da birkin mota?"

"Ke me kike yi da mutanen cikin littattafanki? Su suna ganinki ne?"

Ta gyara zaman wayar a jikin gwangwanin, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Su in za su yi magana, ni suke kallo. Baki a buɗe, haske a fuska, ba na rasa ko kalma ɗaya. A gidan nan kuwa kowa da ƙeya yake min magana. Uwarki tana yi tana wanke-wanke, tana yi tana neman mukulli. Ke kuma da ƙirjinki kike hira. Ba ƙorafi nake ba, kowa da abin da ya dame shi."

Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na so in shige ɗakina in rufe ƙofa. Amma saura kwana goma, kuma in ban faɗa mata ba babu mai faɗa.

Na durƙusa a gabanta, na ɗaga fuska yadda hasken taga zai sauka a bakina.

"Kaka, su ne suke shanye datar. Shi ya sa kiran Kawu yake yankewa."

Ta ɗaure fuska. "Wace irin magana ce wannan? Ba kullum nake sa ta a wuta ba? Ba na barin ta sauka ko rabi."

Sai a lokacin na gane. A wurinta caji da data abu ɗaya ne. Duk watannin nan tana ta cika wayar da wuta, tana tsammanin tanadi take yi wa ɗanta.

Na je kicin na ɗauko butar shayi da kofi. Na ce wuta daban, ita ce ke sa wayar ta farka. Data kuma kamar ruwan butar nan ce, sau ɗaya ake cika ta a wata. Na tsiyaya kaɗan a kofi, na ce wannan na mai birki ne. Na ƙara, na ce wannan na mai tukunya. Na yi ta tsiyayawa har kofin ya cika ya zubo a kan tire. Sannan na girgiza butar ta ji yadda ta yi sauƙi.

"Abin da ya rage shi ne na Kawu."

Kaka ta daɗe tana kallon tiren. Leɓenta ya ɗan motsa.

"Kenan ni ce na kore shi. Har sau biyu."

"Ba ki sani ba ne, Kaka."

"Kuma uwarki ta ɗora miki." Ta ɗauki wayar da hannu biyu ta miƙo min. "Kai ta ɗakinki. Kar ki ba ni ko na roƙe ki."

Na kashe datar gaba ɗaya. Na tsara cewa sau biyu kawai za a kunna ta a rana, minti biyar da safe, minti biyar da yamma, don a ga ko Kawu ya turo saƙo. Lambar ta tsaya cak a ɗari shida da ashirin. Da Umma ta ji labari sai ta zauna a bakin gadona ta ce, "Kin ci abinci kuwa?" Na san iyakar ban-haƙurin da zan samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Sai dai ban ji daɗin nasarar ba. Kwana biyu ina dawowa ina tarar da Kaka a kujerarta da tsohon ɗankwali, tana kallon bangon gidan da ke fuskantar tagarmu. Gwangwanin sukarin yana inda yake, babu abin da ya jingina da shi. Ba ta tambayi wayar ba ko sau ɗaya.

A laburaren unguwarmu akwai waifai kyauta. Na je can na sauke mata bidiyo biyar da za a iya kallo ba tare da data ba, har da na mai birkin, don na lura ta fi son sa. Ta kalle su a rana ɗaya. Washegari ta sake kallo, sannan ta ture wayar.

"Yaron nan ya fara maimaita kansa. Jiya ma haka ya ce."

Ban san inda na samo ƙarfin halin ba. Na shiga ɗaki na ɗauko littafin da nake karantawa, labarin wata likitar dabbobi da aka tura aiki wani tsibiri, na jawo kujera na zauna daf da ita, gwiwa da gwiwa.

"In karanta miki?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke? To, bari mu ga ikon Allah."

Na fara. Ban kai ƙarshen layi na biyu ba ta ce, "Sauke littafin, ya rufe miki baki."

Na sauke.

"Buɗe bakin mana. Tsoron ƙuda kike?"

Na buɗe. A makaranta in aka ce in tashi in yi karatu, neman wurin ɓuya nake yi, ga shi nan mutum ɗaya ce tak amma idonta a kan leɓena kamar mai zare ƙaya. Dole in karanta jimla da ido, in ɗago, sannan in faɗe ta a fuskarta. Da farko ina ta tuntuɓe. A shafi na uku na manta da kaina, saboda likitar ta shiga kwalekwale da akuya mai naƙuda.

Kaka ta ce, "Ƙarya ne. Akuya ba ta yarda ta shiga ruwa haka siddan."

"Haka aka rubuta."

"Wanda ya rubuta bai taɓa kiwo ba. Ci gaba."

Bayan layi huɗu ta sake tsayar da ni, wai likitar tana da miji? Na ce ba a faɗa ba. Ta ce to wa ke kula mata da gida? Kafin mu gama babin ta katse ni sau goma sha ɗaya, na ƙirga.

Na ce, "Kaka, mai birki ba kya katse shi, ni kuma ko numfashi ba kya bari in yi."

"Shi baƙo ne. Ke tawa ce."

Haka muka yi ta yi kullum bayan makaranta. A rana ta huɗu Umma ta dawo da wuri ta same mu. Ta tsaya tana saurare da jakarta a kafaɗa. Da za ta shiga kicin sai ta fara cewa, "Inna, yau a wurin aiki," tana tafiya, sai kuma ta tsaya, ta juyo gaba ɗaya, ta sake farawa daga farko. Kaka ta matsa mata wuri a gefen kujera.

Ranar ashirin da uku ta faɗo a Lahadi. Umma ta yi musayar aiki da wata abokiyarta don ta kasance a gida. Tun hantsi Kaka ta yi wanka ta shafa turare, duk da Umma ta gaya mata waya ba ta kai ƙamshi. Ƙarfe goma sha biyu na kunna data. Mega ɗari biyar da tamanin. Na ja kujerar Kaka zuwa inda sabis ya fi ƙarfi, na goge fuskar wayar da gefen mayafina har sau uku.

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Biyu ta wuce. Kaka ta ƙi cin abinci, wai kar ya kira ya same ta da loma a baki. Ni kuma ina ta leƙa lambar, ko da yake na san babu mai taɓa ta.

Uku saura kwata wayar ta yi ƙara. Na amsa, na riƙe ta daidai fuskar Kaka.

Wani mutum ya fito, da hular aiki, bayansa manyan ƙarafan ɗaga kaya da sararin sama. Gemu ya cika masa fuska, gashin baki kuma ya sauko ya rufe leɓensa ruf, kamar an rataya labule.

Kaka ta ce, "Wane ne wannan?"

Gemun ya motsa. Mu muna jin sa sarai: "Inna! Ni ne! Inna, kina lafiya?"

Kaka ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin. "Idon nasa ne. Auta, ina bakinka? Me yake cewa?"

Kawu bai gane ba. Murna ta ɗebe shi, yana ta zuba, yana ba da labarin guguwar da suka haɗu da ita, yana dariya. Umma tana cewa, "Tsaya, tsaya mana," amma hayaniyar tashar ta danne ta. Kaka tana duban gemun, tana duban Umma, idonta ya fara kawo ruwa. Minti biyu suka tafi a haka.

"Kawu!"

Ni kaina sai da na firgita da muryar. Umma ta juyo tana kallona. Na juya wayar ta fuskance ni.

"Kawu, gashin bakinka! Ba ta ganin leɓenka, ba ta jin komai!"

Ya dafe baki, ya kira ni da sunan da ya saba tsokanata da shi. "Innalillahi! Farfesa, ke ce da wannan murya? Wallahi na manta. Tsaya, kar ki kashe, bari in nemo almakashi a wurin abokina, yana can bakin ƙofa."

Ya fara gudu da wayar a hannu. Sama, ƙasa, takalmi, sama. Ban san nisan ƙofar ba, ban san ko abokin yana da almakashin ba, kuma kowane taku datarmu yake ci. In na bari, wataƙila ya gama aski ya tarar saura kaɗan. In na kashe, wataƙila sabis ɗinsa ya ɗauke, ko a kira su su koma jirgi, shi ke nan sai bayan wata biyu.

Na ce da ƙarfi, "Kawu, zan kashe. Ka aske ka sake kira. Muna nan."

Na danna jan maɓallin.

Kaka ta kalli baƙin gilashin, sannan ta kalle ni. "Me kika yi?"

Na durƙusa na yi mata bayani a hankali. Ta ji, amma ba ta karɓa ba.

"Yana magana kika share shi. Wata bakwai, Ɓera."

Ta kawar da kai zuwa taga, wato ta rufe kunnenta ke nan. Umma ta zauna a ƙasa ta haɗa tagumi. Ni na tsaya riƙe da wayar da hannu biyu, ina kallon agogon da ke samanta. Minti biyar. Bakwai. Na fara shirya abin da zan ce in bai kira ba, na rasa ko kalma ɗaya a duk littattafan da na karanta. Minti goma sha ɗaya.

Wayar ta yi ƙara.

Gemun yana nan, amma an yi wa gashin bakin aika-aika. Gefe ɗaya an kwashe shi tas, ɗaya gefen ya yi tsalle-tsalle kamar ɓera ya ci tabarma, ga ɗan guntun takarda manne a inda ya yanke kansa. Amma leɓe ya fito, na sama da na ƙasa.

Ya ce a hankali, "Inna. Ina wuni?"

Kaka ta ɗora yatsa a gefen gilashin.

"Lafiya lau, Auta. Wa ya yi maka wannan ɗanyen aski?"

"Ni na yi, da almakashin yankan wayar wuta."

"Ya nuna."

Umma ta fashe da dariya tana share ido. Ni dai na kafe gwiwar hannuna a hannun kujera don kar hoton ya girgiza. Hoton bai yi kyau sosai ba, wani lokaci fuskarsa takan ɗan yi dishi-dishi, amma bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ta tambaye shi ko yana cin abinci, ko ɗakin injin yana da zafi, ko tarin nan nasa ya tafi. Ta sa ya buɗe baki ta ga haƙoransa. Ta ba shi labarin yadda ake canza birkin mota, ya ce a ina ta koya, ta ce tana da mutanenta. Hannuna ya yi tsami, ya mutu, ban sauke ba.

Sun yi minti talatin da huɗu. Daga can wani ya ƙwala masa kira, ya waiwaya, ya ce lokaci ya yi. Ya yi sallama da Umma, ya ce min, "Farfesa, na gode," sannan ya faɗa wa Kaka wata magana ta ƙarshe a hankali, ya ɗaga hannu, ya kashe da kansa.

Na sauke hannuna da ƙyar.

Kaka ta ce, "Ya rame." Ta juya wurin Umma. "Cewa ya yi zai zo gida, ko askin ne ya sa na karanta ba daidai ba?"

Umma ta matso gabanta. "Haka ya ce, Inna. Nan da wata uku, in Allah ya yarda."

"To a fara gyara masa ɗaki."

"Inna, wata uku fa aka ce."

"Na ji, ba kurma ba ce ni." Ta dafa kafaɗata ta miƙe. "Ɓera, je ki kwashe takardun da kika jibge a kan gadon ɗana. In kin gama ki zo ki zuba min abinci, yunwa nake ji."